Kowane Juyi da Turkensa

Ranar 14 ga Mayu, 1918, wani akawu mai suna William Robey ya shiga gidan waya a birnin Washinton don ya sayi kan sarki. Sabon bugu ne na senti 24, wanda aka yi domin wasiƙun da za a fara aikawa ta jirgin sama washegari. Launi biyu ne a jikinsa: jan zane a gefe-gefe mai ɗauke da rubutu da farashi, sai shuɗin hoton jirgi a tsakiya. Launi biyu kuwa na nufin kowace takarda sai ta bi ta injin bugu sau biyu, ta nan kuskure ya samu ƙofa. Fallen da aka miƙo wa Robey na ɗauke da kan sarki ɗari, kuma jiragen nan ɗari duk a kife suke, tayoyinsu na kallon sama. Ya biya dala 24 ya yi gaba abinsa. Bayan 'yan kwanaki ya sayar da fallen a kan dala 15,000. A 2023 an yi gwanjon ƙwaya ɗaya tak daga ciki, kuɗinta ya haura dala miliyan biyu.

Jirgin ƙirar Curtiss ne da matuƙa ke yi wa laƙabi da Jenny, shi ya sa masu tara kan sarki ke kiran wannan bugu Inverted Jenny. Ba a ce masa Reversed Jenny. Alhali in ka buɗe ƙaramin ƙamus irin na 'yan makaranta, kana iya tarar da an fassara invert da reverse, an kuma fassara reverse da invert, kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kunnen Bature bai yarda da haka ba. Da an ce masa reversed, abin da zai zo masa a rai shi ne jirgin da hancinsa ya dubi hagu a maimakon dama, ko wanda ke tafiya da baya. Kifewa, sama ta koma ƙasa, wannan aikin invert ne.

To, ɗauki kan sarkin ka juya shi a tafin hannunka. Jirgi ya miƙe daidai, sai dai yanzu rubutu da farashi ne suka kife. Wanne ke nan aka buga a juye? Mun ɗora wa jirgin laifi ne kawai don mun riga mun yanke cewa rubutun ne a tsaye. Juyi ba ya tabbata sai da abin da bai juya ba. Akuyar da aka ɗaure tana yin gabas ta yi yamma, amma turkenta na nan inda aka kafa shi, da shi ake gane inda ta nufa. Tarin kalmomin da Ingilishi ke da su na mayar da abu kishiyarsa, kowace da nata turken, kuma wanda ya san abin da ke tsaye a cikin kowace ɗaya ba zai ɗauki wannan a madadin waccan ba.

Yawancinsu 'yan ɗaki ɗaya ne. Uwarsu kalmar Latin ce, vertere, wato juyawa. Wasu sun shiga Ingilishi ta bakin Faransawan Normandi da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, wasu kuma malaman coci da lauyoyi da likitoci ne suka ɗebo su kai tsaye daga littattafan Latin bayan ƙarnoni. Ɗan guntun da aka liƙa a gaba shi ke nuna inda aka dosa: reverse da revert sun juya baya, subvert ta tono abu daga ƙarƙashi ta kayar, avert ta kawar da kai, divert ta karkatar, adverse ta juyo ta yi gaba da gaba da kai. Har verse, baitin waƙa, 'yar gidan ce, don asalinta juyowar garma ce a ƙarshen kunya, mai huɗa ya kai iyaka ya juyo ya kama sabon layi.

Wanda ya fi kowa shahara da tara irin waɗannan kalmomi waje guda likita ne a Landan, Peter Mark Roget, wanda ya fitar da kundinsa a 1852 yana da shekara 73. Ya kasa kalmomin Ingilishi gida dubu bisa ma'ana, ya jera gida da kishiyarsa gefe da gefe. A gida na 218, wanda ya ware wa kifewa, ya zuba alkafura da kifewar jirgin ruwa da hargitsa jerin kalmomi a cikin jimla, duk a tuli ɗaya, bai tsaya bayyana bambancinsu ba. Kafin shi, a 1816, George Crabb ya bi wata hanya, ya riƙa ɗaukar kalmomi uku ko huɗu masu kama yana tsefe inda suka rabu. Roget ne ya ci kasuwa, kuma jikokinsa ne jerin nan da kwamfuta ke zubo maka in ka nemi madadin kalma. A ganina littafin Roget na wanda ya sani ne ya manta. Wanda bai taɓa sani ba, in ya sa hannu a tulin nan, duk abin da ya damƙo shi zai ɗauka.

Ɗaya daga cikinsu dai mun aro ta tuntuni. A kowace tasha ana yin ribas. Direba ya sa giya, ya leƙo da kai ta taga, yaron mota na can baya yana bubbuga bodi da tafin hannu: "Taho, Oga, taho! Karya kan hagu! Ya isa!" Dubi motar da kyau. Hancinta na kallon inda yake kallo tun farko, direba na kan kujerarsa, kaya na kan rufi. Abu ɗaya ne ya sauya, tafiyar. Turken reverse shi ne hanya: hanyar na nan yadda take, bin ta ne ya juya. Shi ya sa kalmar ke son duk abin da ke da jeri ko mataki-mataki. Da ita ake karanta jerin suna daga ƙarshe zuwa farko, da ita banki ke mayar da kuɗin da aka tura bisa kuskure, da ita injiniya ke kwance na'urar da wani ya ƙera ya bi sawunta har zuwa zanen farko. Tana da wani aiki na biyu, na abu mai fuska biyu: gefen kwabo mai ɗauke da kan sarki ko sarauniya obverse ne, bayansa kuma reverse.

Tun kafin kalmomin Latin su iso, Ingilishi na da nasa makamin na warware aiki, ɗan guntun nan un- da ake liƙa wa aikatau: tie da untie, lock da unlock, do da undo. Tufka da warwara ke nan a harafi biyu. Amma ba kowane aikatau ke karɓarsa ba. Benjamin Lee Whorf, Ba'amurken da aikinsa na cin abinci shi ne binciken gobara a kamfanin inshora, nazarin harshe kuma na sha'awa, ya lura cewa un- na bin kalmomin rufewa da ƙunshewa da liƙawa ne. Ana kwance ƙulli, ana buɗe ƙunshi, amma ba a cewa unspill ko unbreak, don abin da ya zube ya zube, abin da ya fashe ya fashe. Yaro a Ingila yakan san wannan iyaka ba tare da an taɓa karantar da shi ba. Saboda haka lokacin da Facebook ya yaɗa unfriend, har masu ƙamus na Oxford a Amurka suka zaɓe ta kalmar shekarar 2009, wani sabon ra'ayi ne ya shigo ta bayan gida: cewa abota ma abin liƙawa ce, ana manna ta ana ɓanɓare ta. Ga kuma wani tarko. Un- biyu ne a harshen, ɗaya na warware aiki, ɗaya na kore sifa, irin wanda ke cikin unhappy. In suka yi karo a kalma ɗaya sai a rasa na kamawa: ƙofar da aka ce unlockable ce, ko dai ana iya buɗe makullinta, ko kuma ba ta kulluwa sam.

Invert ba ruwanta da tafiya. Abin da ya dame ta shi ne wa ke sama, wa ke ƙasa. A al'ada iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, don haka take tashi, ta kwashi hayaƙi ta yi sama da shi. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, abin ya kife a Landan. Iska mai ɗumi ta zauna a sama, mai sanyi ta kwanta a ƙasa ba motsi, ga hunturu, kowane gida na ƙona gawayin kwal. Hayaƙin ya rasa mafita ya cakuɗe da hazo. Motocin haya suka tsaya, mutane suka riƙa laluben bango da rana tsaka, hayaƙin ya shiga har cikin gidajen kallo. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000, kuma wannan ne ya haifi dokar tsabtace iska ta 1956. Masana yanayi inversion suke kiran abin da ya faru. Babu abin da ya koma da baya a cikinsa. Hawa biyu ne suka yi musayar mazauni.

Ɗalibin lissafi kuwa da lamba ɗaya zai gane zancen. Mece ce kishiyar 4? In sifili ka kafa, amsa ita ce -4, taku huɗu a wancan gefen, kuma ita makarantun Amurka ke kira opposite. In ɗaya ka kafa, amsa ita ce 1/4, wadda ake kira reciprocal. Dukansu inverse ne, ta farko na warware tarawa, ta biyu na warware ninkawa. Tambayar ba ta da amsa sai an faɗi inda aka tsaya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen hujja. Ɗauki magana mai sharaɗi: in mutum a Kano yake, to a Najeriya yake. Gaskiya ce. Musanya gaba da baya: in a Najeriya yake, to a Kano yake. Wannan ita ce converse, kuma Bakatsine ya isa ya rushe ta. Bar jerin yadda yake ka kore ɓangarorin biyu: in ba a Kano yake ba, to ba a Najeriya yake ba. Wannan ita ce inverse, Bakatsinen nan dai ya sake rushe ta. Sai ka haɗa aikin biyu, ka musanya ka kuma kore: in ba a Najeriya yake ba, to ba a Kano yake ba. Ita ce contrapositive, ita kaɗai ce gaskiyarta ke tafiya tare da ta asali ko da yaushe. Juyi uku, suna uku, ɗaya ne kawai abin dogaro. Rabin gardamar da ake tafkawa a majalisa da rediyo daga nan take tasowa. Wani ya ce duk ɓarawo na yawon dare, sai a wayi gari an kama duk mai yawon dare an ce ɓarawo ne, a rantse kuma cewa maganar farko ce aka maimaita.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda ɗan littafinsa na fiƙihu muke kira Ahalari, shi ne kuma mai Sullam, waƙen manɗiƙi da manyan ɗalibai ke karantawa. A ciki akwai babin aks, musanya gaban magana da bayanta ba tare da gaskiyarta ta zube ba. Daga wannan kalmar Larabci muka samu akasi. Da ta shigo Hausa sai ta saki jiki, ta zama kishiyar kowane abu, har ta zama tsautsayi: an samu akasi, mota ta lalace a hanya. Abin sha'awa, reverse ma ta yi irin wannan tafiya a Ingilishi, don rundunar da aka fatattaka a fagen fama akan ce ta gamu da reverse. Harsunan biyu sun ɗauka cewa alheri gaba yake tafiya, duk abin da ya juyo ba lafiya ba.

Tun zamanin Aristo na Girka masu manɗiƙi suka raba kishiya gida biyu, kuma Ingilishi ya adana rabon a contrary da contradictory. Fari da baƙi contrary ne: riga ba ta zama duka biyun, amma tana iya kuɓuce wa duka biyun ta zama ja. Fari da ba fari ba contradictory ne: dole ɗaya ya tabbata, babu mafaka a tsakani. Ɗan siyasa mai wayo yakan ɗauko na farko ya sayar maka a matsayin na biyu, ya ce ko kana tare da mu ko kana gaba da mu, kamar babu mai zaman gidansa. Daga nan ne kuma kuskuren da ya cika takardun jarrabawa ya fito. Ɗalibi na so ya ce Sakkwato na da zafi, Jos kuwa na da sanyi, sai ya haɗa su da on the contrary. Ai wannan ba ta shiga sai in ƙaryata magana za a yi. Ita ce "ina, sai ma dai" ta Hausa: an ce ya talauce, ina, sai ma dai gida ya saya. Mai son jera abu biyu mabambanta kawai, by contrast ko on the other hand yake nema.

A kotu kuwa bambancin kalma na iya zama bambancin ɗauri da saki. Ranar 24 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Dobbs, kan wata dokar jihar Misisipi da ta hana zubar da ciki bayan mako 15. Aiki biyu kotun ta yi a takarda ɗaya, kowanne da kalmarsa. Hukuncin kotun ɗaukaka ƙara da ke ƙarƙashinta, wadda ta hana dokar aiki, ta yi reversing ɗinsa: shari'a ɗaya ce ta hau tsani, wanda ya yi nasara a ƙasa ya faɗi a sama. Hukuncin Roe na 1973 da na Casey na 1992, waɗanda suka kare 'yancin zubar da ciki, kuwa ta yi overruling ɗinsu: waɗannan shari'u ne da aka gama da daɗewa, ba wanda zai koma ya karɓe nasarar masu su, ƙa'idar da suka kafa ce aka tuɓe wa rawani. Jaridu ba su da lokacin wannan tsifa, overturn suka yi wa duka biyun, kalmar da ke kifar da kwale-kwale da gwamnati da hukunci ba tare da tambaya ba. Akwai ta huɗu, vacate, wadda ke share hukunci ba tare da ta ɗora kishiyarsa a gurbinsa ba, a koma kamar ba a yanke ba. Mai fassara labarai a gidan rediyo yana da soke da rushe da jingine da warware, amma agogo na bin sa, sau da yawa soke ce ke ɗaukar kayan duka.

Ingilishin Najeriya ya ƙara nasa. Jaridunmu kan ce kotu ta yi upturn na zaɓe, alhali mai karatu a Birtaniya in ya ga upturn farfaɗowar kasuwa yake tsammani. Ma'aikacin ofis kan rufe wasiƙa da alkawarin zai yi revert, yana nufin zai ba da amsa, kamar yadda ake yi a Indiya, alhali a tsohuwar ma'anarta revert komawa ce ga halin da aka baro. Ban ga abin ɗaga hanci a nan ba. Kwale-kwalen da ya kife upturned ake ce masa ko a Ingila, kuma harshen da ya yi shekara fiye da ɗari a bakin mutane dole ya ɗauki warinsu. Illa dai mai rubuta wa na waje ya san da wa yake magana.

Duk waɗannan kalmomin masu takalmi ne, na kotu da ɗakin gwaji da aji. A kicin da bakin titi gajeru ne ke aiki: flip, tip, turn over. Mai suyar waina flip take yi, juyi ɗaya cikin sauri da ɗan tsinke. Riga in an sa ta baibai inside out ce, in gabanta ya koma baya back to front ce, kuma ba mai haɗa su. Upside down ma ba haka aka haife ta ba. A ƙarni na 14 up so down ake cewa, wato sama kamar ƙasa, sai baki ya murɗe ta a ƙarni na 16 zuwa abin da ya fi kama da ma'ana. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce head over heels, da ake faɗa wa wanda ya yi alkafura ko soyayya ta kwashe shi. Kai a sama, duga-dugai a ƙasa, ai haka kowa ke tsayuwa! Asalinta heels over head ce, a ƙarni na 18 ta kife, kuma ba wanda ya damu ya tayar da ita.

Sai an zo kan mutum kalmomin ke fitar da haƙora. Wanda ya sauya ra'ayi, in kana son sa, reconsider ya yi, ya sake nazari. In ba ka son sa, U-turn ya yi, ko a ce da Hausa ya yi amai ya lashe. A Birtaniya wannan kalma ta direbobi ta zama abin gudu tun bayan da gwamnatin Edward Heath ta janye daga manufofinta na tattalin arziki a 1972. Ranar 10 ga Oktoba, 1980, a taron jam'iyyarta a Brighton, marasa aikin yi sun haura miliyan biyu, ana ta matsa mata ta sassauta, Firaminista Margaret Thatcher ta yi wasa da kamannin lafazin harafin U da kalmar you, ta ce wa masu jiran ta juya su juya in suna so, ita kam ba mai juyawa ba ce. Daga ranar taurin kai ya samu kirari. Bayan shekara 42 Firaminista Liz Truss, wadda ake yawan kwatanta ta da Thatcher, ta ga ɗaya gefen: gwamnatinta ta sanar da soke harajin kashi 45 na masu manyan kuɗi ranar 23 ga Satumba, 2022, ta janye ranar 3 ga Oktoba, ranar 20 ga wata kuma ta sanar da murabus.

Amurkawa flip-flop suka fi so, kuma ta fi U-turn ciwo. Mai U-turn sau ɗaya ya juya, yana iya cewa hanya ya gani ba ta ɓullewa. Mai flip-flop yau nan gobe can, ba a san inda zai kwana ba. Sunan silifa ne kuma a harshensu, saboda ƙarar da take yi a ƙafa, shi ya sa a zaɓen shugaban ƙasa na 2004 abokan hamayyar ɗan takara John Kerry suka riƙa ɗaga silifa a taro. Turncoat ta fi su tsufa da muni, mutumin da ya juya rigarsa baibai don launin ɗaya rundunar ya fito. Mu tsuntsu muka duba muka ce sauya sheƙa, wadda ba ta da zafin haka, wataƙila don abin ya zama ruwan dare.

A waɗannan kalmomi turken ba hanya ba ce, ba sama da ƙasa ba ne. Mai magana ne da kansa. Inda yake tsaye nan ne daidai, duk wanda ya juyo wajensa ya shiryu, wanda ya juya masa baya ya ɓata. Convert da pervert uwa ɗaya ta haife su, guntun gaba ne kawai ya raba, kuma akwai lokacin da mutum ɗaya ke amsa duka biyun a rana ɗaya. John Henry Newman babban malami ne a Oxford kuma limami a Cocin Ingila. Ranar 9 ga Oktoba, 1845, a ƙauyen Littlemore, ya koma Katolika a hannun wani limami ɗan Italiya, Dominic Barberi. A wurin 'yan Katolika convert ne, har suka naɗa shi Kadinal a 1879. A bakin 'yan Furotesta masu zafi na zamanin kuwa, shi da duk waɗanda suka bi sawunsa zuwa Roma perverts ne, wato waɗanda aka karkatar daga gaskiya. A lokacin kalmar ba ta da alaƙa da lalata. Sai a ƙarshen ƙarnin likitoci suka ja ta zuwa can, ta kuma zauna, har ya zama mai karanta tsofaffin jaridun Ingila a yau sai ya yi turus in ya ga an jefi dattijon limami da ita.

Rigimar ba ta mutu ba, masallaci ta koma. Da yawa daga Turawan Birtaniya da Amurka da suka karɓi Musulunci ba sa son a ce musu convert. Revert suke kiran kansu, bisa hujjar cewa kowane ɗa a kan fiɗira ake haihuwarsa, don haka ba sabon wuri suka je ba, gida suka dawo. Wasunsu kuma sun fi son convert ɗin, suna ganin ita ce ke girmama nazarin da suka yi da zaɓin da suka yanke da hankalinsu, da abin da suka rasa a dangi saboda shi. Hausa na da hanyar kauce wa gardamar, don "ya musulunta" ba ta faɗi daga ina aka taho ba. Amma tsohuwar kalmarmu ta riga ta ɗauki ɓangare. Tuba daga Larabci take, asalin ma'anarta komowa, kuma da ita muka ƙera tubabbe tun kafin wani Bature ya yi tunanin revert. Ita ma ba kowane wanda ake kira da ita ke son jin ta ba, musamman in ya shekara talatin yana salla a sahun gaba, 'ya'yansa sun sauke Alƙur'ani, unguwa kuma ba ta daina kiran gidan da sunan ba.